Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shagon Oga da 'Ya'yan Zungeru Biyu

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya raba ni da bin 'yan dako a tashar jirgin ƙasa ta Zungeru, ya kai ni koyon gyaran rediyo. A 1971 ke nan. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, Ibo sun fara dawowa Arewa jefi-jefi, kowa da ƙunshin kayansa da ɗari-ɗarinsa.

Maigidan nawa yana cikin waɗanda suka dawo da wuri. Mutumin Anaca ne, Oga muke ce masa. Da zai gudu a 1966 Baba ya bar wa mabuɗin shagonsa, ya kuwa dawo ya tarar ko ƙusa ba ta ɓace ba. Abin da ya sa ya karɓe ni ke nan ba tare da kuɗin koyo ba. Hausa a bakinsa sai ka rantse a Wushishi aka yanke masa cibiya.

A saman teburin aiki akwai hoton wani dattijo mai tabarau. Na tambayi ko mahaifinsa ne, Oga ya yi dariya har ya ajiye abin narka dalma.

"Yaro, ba ka san ɗan garinku ba? Zik ke nan. A nan Zungeru aka haife shi."

Da na koma gida na tambayi Baba, sai ya ce gaskiya ne. An haifi Nnamdi Azikiwe, wato Zik, ranar 16 ga Nuwamba 1904, lokacin garinmu ne hedkwatar Turawa a Arewa, Lugard yana zaune a ciki, kafin a kwashe komai a kai Kaduna. Mahaifinsa akawun gwamnati ne da aiki ya kawo daga Anaca. Da Hausa yaron ya tashi, har uban ya ji tsoron kada ya rasa harshen gida, ya tura shi Anaca wurin dangi. Daga can ya yi karatu a Kalaba da Legas, ya ƙara da Yarbanci.

Wurin da Oga ya fi jan labari shi ne zuwa Amurka, domin da shi yake yi mini wa'azi duk ranar da na yi kasala. Zik ya taɓa ɓuya cikin jirgin ruwa don ya tsallaka, bai wuce ƙasar Gana ba, mahaifiyarsa ta je ta dawo da shi. A 1925 uban ya ba shi kuɗi daga abin da ya samu na ritaya. Can Amurka ya yi wankin kwanuka da sauran aikin ƙarfi yana karatu, ya bi ta Jami'ar Howard, ya gama a ta Lincoln, ya ƙara digiri a Jami'ar Pennsylvania. Da ya dawo sai ya kama aikin jarida a Accra, Turawa suka gurfanar da shi kan wani rubutu da jaridar ta buga, suka same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara. A 1937 ya kafa jaridar West African Pilot a Legas, a 1944 shi da Herbert Macaulay suka kafa jam'iyyar NCNC.

Daga nan labarin yake fita hannun Oga ya koma hannun Baba, idan ya zo hira bayan la'asar. Baba ɗan NEPU ne na a-mutu, NEPU kuwa ƙawar NCNC ce, don haka ya daɗe yana ganin Zik nasu ne. Abin da bai yafe ba shi ne bayan zaɓen 1959, da NCNC ta haɗa gwamnati da NPC ta Sardauna, Zik ya zama Gwamna Janar a 1960, sannan shugaban ƙasa a 1963.

"Mutuminka ya bar mu a rana, Oga."

"Malam, da bai shiga ba, da wa za a yi ƙasar?"

Haka suke yi har a kira magariba.

Akwai ɗan Zungeru na biyu wanda babu hotonsa a shagon, sunansa ma sai an rage murya. Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu, an haife shi a garinmu ranar 4 ga Nuwamba 1933. Shi bai san wankin kwanuka ba. Mahaifinsa, Sir Louis, mutumin Nnewi, yana cikin manyan attajiran ƙasar a zamaninsa, motocin sufurinsa sun cika hanyoyi. Tun yana ƙarami aka kai shi Legas, ya yi King's College, ya tafi Ingila ya karanta tarihi a Oxford. Ya dawo ya ɗan taɓa aikin mulki a Udi, a 1957 ya shiga soja ba da son uban ba. Juyin mulkin Janairun 1966 ya same shi yana kwamandan bataliya ta biyar a Kano, daga nan aka naɗa shi gwamnan Jihar Gabas.

Wani abu da ya yi a shekarar yana ci wa Oga rai ƙwarai: ya sauke Zik daga kujerar uban Jami'ar Nsukka, wadda Zik ɗin ne ya kafa, ya ɗora abokinsa Sarkin Kano Ado Bayero. Baba kan ce to ai Bakano aka ba, mene ne na fushi? Oga ba ya dariya a nan. Ƙaninsa ya tafi fagen daga bayan an ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, bai dawo ba. Bai taɓa zagin Ojukwu a gabana ba. Yakan ce kisan da aka yi wa mutanensu a 1966 ba ƙarya ba ne, shi kansa da ƙyar ya sha, amma da aka ga yara suna mutuwa da yunwa ya kamata a tsaya. Zik ya yi wa Biyafara aiki da farko, a 1969 ya janye ya nemi a sasanta. Mutanensa da yawa sun kira shi maci amana saboda haka. Oga ya rataye hotonsa saboda haka.

Ni da na girma na karanta abin da ya sawwaƙa, na fi karkata wajen Oga. Ana yi wa Zik gorin sauya sheƙa, kuma ba duka gorin ne zalunci ba, Baba yana da hujjarsa. Amma mutumin da ya yi wasan ƙasa da 'ya'yan Hausawa, ya yi makaranta da Yarbawa, da wuya ka shawo kansa cewa rabuwa ce magani. Ojukwu ma yana jin Hausa, sai dai ya hau mulki yana ɗan shekara 32, gawarwakin mutanensa suna isowa ta jirgin ƙasa. Ban san abin da wani zai yi a kujerarsa ba.

A ƙarshen 1973 Oga ya ce hannuna ya faɗa, zai aike ni kasuwar Anaca sayo kayan gyara. Inna ta ce sai dai bayan ranta. Yadda Baba ya shawo kanta, da abin da na tarar a gadar Neja, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.