Abin da tsokar cinyar fara ta koya mini

Lokacin da na fara aiki a ɗakin gwaji a kan tsokar da fara ke miƙe ƙafarta ta baya da ita idan za ta yi tsalle, na shiga ne da haddar aji a kaina: sinadarin sodiyam ya kutsa cikin ƙwayar halitta ya tayar da tartsatsin lantarki, sinadarin fotasiyam ya fita ya mayar da komai yadda yake. Haka masana kimiyya Hojkin da Haksili suka bayyana a 1952 a kan jijiyar wata dabbar teku, ni kuwa sai na ɗauki bayanin tamkar ya hau kan kowace halitta.

Rabin haddar ta tsaya da ƙafafunta. Da na soka siririn tsinken gilashi cikin tsokar, sai na'ura ta nuna kusan milibolt (ma'aunin ƙarfin lantarki) 60 ƙasa da sifili, kuma duk lokacin da na ƙara fotasiyam a ruwan gishirin da tsokar ke kwance a ciki, sai adadin ya matso wajen sifili, har ta kai tsokar ta ƙanƙame a gaban idona.

Ɗaya rabin ne ya ba ni mamaki. Mun zuba dafin tetirodotoksin, wanda ake samu a jikin 'yan'uwan talibamban na teku, wanda kuma aikinsa toshe ƙofofin da sodiyam ke bi ya shiga ƙwayar halitta ne. Jijiya ta yi tsit, amma da muka tsikari tsokar kai tsaye da lantarki sai ta amsa. Sai da muka cire kalsiyam daga ruwan sannan amsar ta ɓace, domin a tsokar ƙwari shi ne ke ɗauke da cajin da ke shiga. Na daɗe ina kallon allon kafin zuciyata ta yarda.

Inda na fi jin jiki shi ne ranar da na koma kan tsutsar malam-buɗe-littafi, na zuba mata ruwan da na haɗa wa fara ba tare da na sake tunani ba. Jinin irin waɗannan tsutsotsi masu cin ganye yana da fotasiyam da maginiziyam da yawa, sodiyam kuwa kaɗan ne, saboda haka alƙaluman da na tara na mako guda ba su da amfani. Tun daga ranar, kafin in taɓa tsokar kowane ƙwaro, sai na fara bincika gishirin da ke cikin jininsa, sannan in auna ruwan da zan kwantar da ita a ciki.