"Ai Ba Komai a Ciki"

Ranar Juma'a bayan La'asar na leƙa zauren wani matashi maƙwabcina a nan Katsina, ɗan sa-kai ne. Na tarar ya ɗora wa ɗansa bindiga a cinya, yaron da bai wuce shekara 5 ba, shi kuma ya ja da baya yana ɗaukarsa hoto. Bakin bindigar na kallon ƙofar da mata ke shige da fice. Na ce, "Kai, ɗauke ta!" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ba komai a ciki." Sai da na nemi wuri na zauna, domin da bakina na taɓa faɗin wannan magana.

Ina ƙauye a lokacin, ɓarayin shanu sun hana mu barci. Bindigar toka gare ni, kuma duk wanda ya san ta ya san ba a ɗura ta cikin gaggawa: ka zuba albarushi, ka danna tsumma da sanda, ka zuba dalma, ka sake dannawa. Kafin ka gama, ɓarawo ya kwance garke. Don haka nake barinta a ɗure bayan ƙyaure. Har yau idan na tuna daren da aka kore shanun maƙwabcinmu, sai in ji kamar ban yi laifi ba. Wa zai kwana da bindiga fanko a wancan hali?

Amma uwargida ta yi mini magana, ba sau ɗaya ba. Na ce mata ba komai a ciki, alhali na san ƙarya nake, so nake kawai ta ƙyale ni. Yarana suna tsakar gida, sun ji.

Ranar kasuwa ɗana mai shekara 9 ya ɗauko ta, suna wasan ɓarawo da mai gida da ɗan ƙanena. Ya saita shi ya ja kunama. A cinya ta same shi. Da rawanina muka ɗaure wurin, muka sa shi a akori-kura zuwa asibiti, jini na ɗiga a ƙafata. Ya rayu, magidanci ne yanzu, amma yana ɗingishi. Ƙanena bai taɓa ce mini uffan ba, da ma zagina ya yi. Ɗana kuwa har yau ba ya zuwa kallon hawan Sallah, saboda ƙarar bindigogin 'yan bindigar Sarki. Mutane sun ce ƙaddara ce, na yarda, amma ba ƙaddara ce ta jingine ta bayan ƙyaure ba.

Tun da Aminu Bello Masari, yana gwamna, ya ce a 2021 jama'a su tashi su kare kansu, bindiga ta shiga gidajen da a da ko gora babu. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a 2023 an ba su horo kafin a miƙa musu makami. Yaran da ke rarrafe a gidajen masu bindiga fa, wa ya horar da su?

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma biyu zuwa uku ne suka rage mini. Cire harsashi kafin ka shiga gida, ka kulle shi daban, makullin yana aljihunka. Kada yaro ya ma san inda bindigar take. To, amma ɓoyon kaɗai ba ya isa, don ni "kar ku taɓa" kawai na ce, ban taɓa nuna musu abin da take yi ba. Idan ya yi wayo kai shi daji, ka harbi kabewa a gabansa, ya ga yadda take tarwatsewa. Ka koya masa in ya ga bindiga a ko'ina ya bar wurin ya kira babba. Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ku da kuke rataya ta kuna rawa a TikTok, ba a karanta muku wannan a Islamiyya ba ne? Mu da ba mu yi boko ba ma ba mu mai da ita abin ado ba.

Maƙwabcin nawa ya ɗauki bindigarsa ya shige ɗaki yana cewa, "To Baba, na ji." Ban ga ya buɗe ta ba. Gobe da safe zan koma, in sa shi ya buɗe a gabana.