Manhajar haya da tsofaffin waƙoƙin da ke cikin kwamfuta

A ƙarshen watan Maris na 2023 kamfanin Waves ya sanar da cewa ya daina sayar da filogin ɗinsa, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake sakawa cikin manhajar haɗa waƙa, saye na mallaka. Daga ranar sai haya: dala 14.99 a wata ga ƙaramin tsari, dala 24.99 ga babba mai ɗauke da filogin sama da 200. Masu situdiyo a duniya suka yi masa ca, kuma mako bai zagayo ba Meir Shashoua, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya fitar da wasiƙa cewa an dawo da sayen mallaka. Avid ma ta bi wannan hanyar da manhajarta ta haɗa waƙa, Pro Tools, a 2022, ta janye a 2023.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka tsada ce ta tayar da ƙura. Tsadar tana ciki, domin dala 24.99 sau 36 ta kusa 900 a shekara uku, kuma ranar da ka daina biya ba ka da komai a hannu. Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tsofaffin ayyuka. Fayil ɗin waƙa ba ya ɗauke da filogin a cikinsa, sunansa da saitinsa kawai yake riƙewa. Idan lasisi ya mutu, ka buɗe aikin bara, sai ka tarar da murya tsirara, babu gyaran sauti babu amsa-kuwwa, wani filogin ma ya riƙa ɗauke sautin ko ya cusa ƙara. Mawaƙi kuwa yana iya dawowa bayan shekara biyu ya ce a canza masa sunan amarya a baiti ɗaya, kuma yana son sabon baitin ya yi daidai da sauran.

Mu a nan akwai ƙarin wahala. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Daga Yunin 2023 da aka saki naira, dalar da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin haya bai motsa ba a dala, a naira ya ninka sau uku. Ga lasisin da ke neman intanet a kai a kai, wanda data ta yanke sai ya tsaya ana tsakiyar ɗaukar murya.

Abin da na fara yi shi ne ƙidaya. Na buɗe ayyuka ashirin na baya-bayan nan, na rubuta duk filogin da ya fito a cikinsu. Cikin ɗaruruwan da ke kwamfutar, tara ne kawai ke maimaituwa: na gyaran karin murya, na matse sauti guda biyu, na amsa-kuwwa, da 'yan kaɗan na kammalawa. Huɗu daga ciki akwai makamancinsu a cikin manhajar haɗa waƙar kanta. Sauran biyar na jira lokacin rangwamen watan Nuwamba na saye su na mallaka.

Sai adana aiki, nan ne na fi ɓata lokaci kuma ban yi nadama ba. Duk waƙar da aka kammala ina fitar da kowane layi, na murya ko na kiɗa, daban a fayil ɗin sauti na WAV, 24-bit, a kan saurin ɗaukar sautin da aka ɗauke ta da shi, 44.1 ko 48 kHz. Ina fitarwa sau biyu: ɗaya da gyara a kansa, ɗaya busasshe. A manhajar FL Studio zaɓin "Split mixer tracks" ne ke yin wannan, a Pro Tools kuma "Commit". Kurakurai biyu ne suka fi faruwa. Na farko, mutum ya fitar da layuka daga wurare daban-daban, ya zo jera su ba su hau kan juna ba. Dole kowane layi ya fara daga farkon waƙar ko da shiru ne. Na biyu, a bar filogin na kammalawa a kunne, ko a yanke wutsiyar amsa-kuwwa a ƙarshe. Ina barin daƙiƙa biyar zuwa goma bayan sautin ƙarshe. Amsa-kuwwar kanta ina ba ta layinta, domin in an canza baiti ita ce ke tona asirin ɗinkin.

A cikin jakar kowace waƙa ina ajiye ƙaramin rubutu: saurin kiɗa, sunan filogin, da lambar sigarsa. Fayilolin girka manhaja su ma ina kwafe su a ma'ajiya ta daban, lasisin da ya yarda kuma ina mayar da shi kan filas maimakon intanet.

Sayen mallaka ma yana da nasa tarkon, kada a ruɗe. Tsohon filogin yana iya daina aiki idan aka sabunta Windows ko macOS, kuma wannan ne ainihin fargabar masu Waves a lokacin: abin da suka saya zai ci gaba da aiki, amma ba hanyar sabunta shi sai ta haya. Shi ya sa kwamfutar situdiyo ba na barinta ta sabunta kanta, sai na gwada a wata tukuna.

Ban ƙi haya ɗungurungum ba. In aikin fim ya zo yana buƙatar kayan tsaftace sauti na wata guda, in biya watan, in fitar da komai a WAV kafin in soke. Tsarin da kamfanin Splice ke yi da filogin Serum, inda kuɗin wata-wata ke taruwa har ya zama naka, ya fi adalci. Manhajar da situdiyo ke tsaye a kanta kuwa, FL Studio mai sabuntawa kyauta har abada ko Reaper mai ƙaramin lasisi na dala 60, ita ba na yarda ta zama ta haya.