Wasiƙa daga Jojiya: Yadda gonaki suka suɓuce wa baƙaƙen manoman Amurka

Zuwa ga 'yan'uwa na gida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan damina ta yi albarka.

Daga Albany nake rubuto muku, a kudu maso yammacin jihar Jojiya. Ƙasar noma ce ta gaske, auduga da gyaɗa ko ta ina, domin jihar nan kaɗai ke noma kusan rabin gyaɗar Amurka. Mafi yawan mutanen garin baƙaƙen fata ne, amma manyan gonakin da suka kewaye shi ƙalilan ne nasu. Nakan ji wasunmu, na gida da na nan, suna cewa baƙaƙen Amurka ba sa son wahala, sai waƙa da ƙwallo. Maganar tana ɓata mini rai, don mai faɗinta bai san abin da aka yi musu a kan ƙasa ba.

A farkon 1865, daf da ƙarshen yaƙin basasar Amurka, Janar Sherman ya ba da umarnin a yanka wa 'yantattun bayi eka 40 kowane gida a gaɓar teku. Shekara ba ta zagayo ba Shugaba Andrew Johnson ya soke, aka mayar wa tsofaffin iyayengiji filayensu. Mutane suka koma noman kashi-mu-raba a gonakin da suka yi bauta, bashin kanti yana cinye rabonsu tun kafin kaka. Duk da haka suka yi ta tsimi, zuwa 1910 sun mallaki eka kusan miliyan 16. A 1920 baƙaƙen manoma sun haura 900,000, wato kashi 14 cikin ɗari na manoman ƙasar. Ƙidayar 2017 ba ta samu 50,000 ba. Gaskiya ne ƙananan manoma farare ma sun ragu, amma tasu raguwar ba ta kama ƙafar wannan ba.

Wasu da bindiga da wuta aka kore su. Wasu kuwa, masu ɗimbin yawa, a ofis aka gama da su. Manomi a nan da bashi yake sayen iri da taki da man tarakta. A wancan zamanin ƙaramin manomi ofishin Ma'aikatar Noma na gundumarsa yake zuwa, kwamitin da ke da faɗa-a-ji a wurin kuma manoman yankin ne, kusan duka farare, wani ma maƙwabcinsa ne mai kwaɗayin gonarsa. Ba sai an ce masa a'a ba. Yau a ce fam ya ƙare, gobe a ce takardarsa ta ɓata, jibi a ce ya dawo wani mako. Kuɗin su fito bayan lokacin shuka ya wuce, su ma rabin abin da ya nema. Wanda ya taɓa jiran takin gwamnati har gero ya fitar da kai ya san wannan ciwon. Amfani ya yi ƙaranci, bashi ya hau bashi, daga nan sai gwanjo.

Haka aka yi wa New Communities, gonar gama-kai da Charles Sherrod da matarsa Shirley da abokan gwagwarmayarsu suka kafa a 1969 a gundumar Lee, nan kusa da mu. Eka sama da 5,700 ce, an saye ta ne domin iyalan da ake kora daga gonakin farare idan suka yi rajistar zaɓe su samu wurin zama da na noma. Ita Shirley, wani farin manomi ne ya harbe mahaifinta a 1965, ba a kuma hukunta kowa ba. Da bala'in fari ya afka wa yankin, suka nemi bashin gaggawa irin wanda ake ba maƙwabtansu, aka yi ta ja musu rai. A 1985 gonar ta tafi.

Akwai wata hanyar kuma, ita ce ta fi hana ni barci. Tsofaffi da yawa sun rasu ba su bar wasiyya a rubuce ba, domin lauya da alƙali duk na farare ne, ba su yarda da su ba. Gona ta zama ta magada baki ɗaya, ba a raba ba. Bayan jikoki da tattaɓa-kunne, masu haƙƙi su yi yawa, wasu suna Shikago ko Detroit, ba su taɓa taka gonar ba. Dillali ya nemo ɗaya daga cikinsu ya sayi kasonsa da 'yan kuɗi kaɗan, ya zama shi ma mai haƙƙi, ya tafi kotu ya ce a raba. Kotu ta ce ƙasar ba ta rabuwa, a sayar. A wurin gwanjo wa ke da tsabar kuɗi a hannu? Shi ne. Wanda ya shekara yana noma wurin, yana biyan harajinsa, ya tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Sai a 2012 Jojiya ta yi dokar da ta ba sauran magada damar su fara sayen kason kafin a kai ga gwanjo.

Ku duba gonakin gadonmu da ke gefen Kano ko Zariya ko Katsina, inda gari ke ta cin daji. Shari'a ta fayyace rabon kowa, amma nawa ne aka bari shekara da shekaru ba a raba ba, iyakarsu sai gamba da bishiya da shaidar dagaci? Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, idan aka karɓa diyyar shuka da gini ake biya. Na roƙi yayyena su zauna da baffanninmu a rubuta tamu tun masu shaida suna raye, har da rabon mata.

Baƙaƙen manoman Amurka sun kai Ma'aikatar Noma ƙara. Timothy Pigford na Karolina ta Arewa ya shige gaba a 1997, aka sasanta a 1999, yawancin waɗanda suka yi nasara suka samu dala 50,000, kuɗin da ba ya sayen babbar tarakta sabuwa, balle ya dawo da gona. A 2021 majalisa ta ware kusan dala biliyan 4 don yafe musu bashi tare da sauran manoma tsiraru, wasu fararen manoma suka garzaya kotu suka ce wariya ce, aka dakatar, a 2022 aka soke.

New Communities ta samu diyyar kusan dala miliyan 12 a 2009. Bayan shekara biyu suka sayi eka sama da 1,600 a gefen Albany, tsohuwar gonar ɗaya daga cikin manyan masu bayi na Jojiya, suna koyar da ƙananan manoma a wurin. Ƙungiyar Federation of Southern Cooperatives, wadda aka kafa a 1967, tana haɗa manoma su sayar da kaya tare, tana kuma taimaka wa iyalai su warware takardun gado. A hannun irin waɗannan manoman nake sayen kuɓewa da wake da dankali, kuma duk ɗalibinmu da ya zo karatu yankin nan sai na ja shi mun je tare.

A gaishe da kowa da kowa. Allah Ya kare mana gonakinmu.

Ɗan'uwanku,
daga Albany, jihar Jojiya