Daren da minti ɗaya ya kai daƙiƙa 61

Shekarata ta biyu ke nan ina kula da manyan kwamfutocin ajiyar bayanai na wani kamfani lokacin da aka tashe ni da tsakar daren 1 ga Yuli, 2012, aka ce na'urorinmu sun ɗau zafi, aiki ya tsaya cak. Na duba ko'ina ban ga ɓarna ba, har sai da maigidana a wurin aiki ya tambaye ni ko na san cewa mintin ƙarshe kafin ƙarfe ɗaya na dare, agogon Najeriya, daƙiƙa 61 ya yi. Wallahi na ɗauka raha yake yi.

Da gaske yake. A da can, da juyawar ƙasa ake auna daƙiƙa, amma tun 1967 aka koma ƙirga bugun ƙwayar sinadarin siziyam, bugu 9,192,631,770 a kowace daƙiƙa, ita kuwa ƙasa ba ta bin wannan ƙa'ida, domin jan da wata ke yi wa tekuna yana rage mata gudu sannu a hankali, wani lokaci kuma ta ɗan ƙara sauri. Saboda kada tazarar da ke tsakanin agogo da rana ta kai daƙiƙa guda, tun 1972 wata hukuma mai cibiya a Paris takan ba da sanarwar a cusa daƙiƙar ƙari a ƙarshen Yuni ko Disamba. An yi haka sau 27, na ƙarshe a ƙarshen 2016.

Manhajar Linux da muke amfani da ita ce ta ruɗe da wannan daƙiƙa, kamar yadda ta ruɗe a wurare da dama a daren. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba: sake saita agogon kowace na'ura kawai muka yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an sanar da zuwan daƙiƙar tun watanni shida kafin nan, ni ne ban san akwai sanarwar da ake bibiya ba, domin na ɗauki lokaci abu ne da ba ya buƙatar mai kula, alhali mahaifina, wanda da inuwa yake gane zawali, bai taɓa yarda da agogo ɗari bisa ɗari ba.

Da daƙiƙar ƙari ta 2015 da ta 2016 duk a ofis suka same ni, na riga na gwada na'urorin. A 2022 babban taron ma'aunai na duniya ya yanke shawarar daina wannan ƙari kafin ko a cikin 2035, kuma a matsayina na wanda ya kwana a kan lamarin ban yi baƙin ciki ba, ko da yake har yanzu nakan duba sanarwar Janairu da ta Yuli.