Jiya a tashar Kawo

Jiya na raka ƙanina tashar Kawo, zai tafi horon soja a Zariya. Da ƙafarsa ya je ya nema, babu wanda ya tilasta masa, don Najeriya ba ta ɗaukar soja dole. Duk da haka hannun Inna rawa yake sa'ad da take ƙulle masa ƙuli-ƙuli a leda. Ta ce, "Allah ya tsare min kai, Auta."

A hanyar dawowa ɗan damben Amurka Muhammad Ali ya faɗo min a rai. A 1967, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, Amurka ta kira shi aikin soja, ya fito fili ya ce addininsa bai yarda ba. Aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 5. Sai 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, bayan ya shafe fiye da shekara 3 bai yi dambe ba.

Wanda ya san hanyar Birnin Gwari ya san muna bukatar masu tsaro, ban musa ba. Amma wallahi raina bai yarda a ɗauke wa uwa ɗanta da ƙarfi, kuma a ɗaure wanda ya tambayi dalili ba.

Tun asuba Inna take riƙe da waya, tana jiran kiransa.