Motar da ke hannunka ma za ta iya rage hayaƙi

In ana maganar kare muhalli, da yawa sai su ɗauka sai mutum ya sayi motar lantarki, ko irin Prius ɗin nan mai haɗa fetur da lantarki da Toyota ta fara fitarwa a 1997, kafin a ce ya yi wani abu. Ni makaniki ne, ɗan ƙaramin gareji gare ni da yarana, kuma abin da nake gani kullum shi ne wannan motar da ke hannunka, ko ta tsufa, in aka yi mata aiki na gaskiya za ta rage shan mai ta rage hayaƙi. Duk litar fetur ɗaya da ka ƙona tana sakin iskar kabon wajen kilo 2.3, ta dizal ta haura 2.6, toh ka lissafa tanki guda kawai ka gani. Man da injin ya sha a banza ai sau biyu ya cuce ka, aljihunka ya ji, iskar da yaranka ke shaƙa ma ta ji.

Injin fetur yana da ma'auninsa, iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, in aka kauce ko ta ina sai ka ga matsala. Akwai wata ƴar sensa ta oksijin a jikin salansa, Bosch ne suka ƙera ta, Volvo ta fara sa ta a mota a 1976, aikinta ta dinga shaida wa kwamfutar mota ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ranar da ta gaji kwamfutar sai ta shiga zuba mai babu lissafi, mai motar bai sani ba tunda mota na tafiya, sai dai ya ce wai kwanan nan tana shan mai. Muna da na'urar gano matsala da muke jonawa a wancan soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, amma na'ura lamba kawai za ta ba ka, ba za ta ce maka waya ce ta tsinke ko iska ce ke shiga ta wani tiyo da ya tsage ba. Nan ne ake gane wanda ya iya.

Ni a zamanin kafireto na koyi aiki, lokacin kunne da hanci da ido su ne na'urar. Maigidana, Allah ya saka masa, in ya kwance fulogi ba ya yarda ka goge shi sai ya jera su a kan tsumma bi da bi yadda suka fito, ya ce "kai yaro, zo ka karanta min." Wanda ya yi baƙi ƙirin a bushe, mai ya yi yawa. Wanda ya jiƙe yana maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, a duba ring. Wanda ya yi fari fat, injin na yunwar mai kuma yana zafi. Mai launin ƙasa ƙasa shi ne lafiyayye. Yakan ɗora bakin doguwar sukundireba a kan injin ya kara mariƙin a kunnensa ya rufe ido, can sai ya nuna silinda ɗaya da yatsa, kuma wallahi in aka buɗe nan ɗin ne. Har yau haka nake koya wa yarana, sai sun karanta fulogi kafin in ba su na'ura su riƙe.

Abin da ke ci min rai a sana'ar nan shi ne ƴan kwaikwayo, masu aikin sha yanzu magani yanzu. Mota ta ɗan shaƙe, maimakon a nemo dalili sai su fasa katalis ɗin salansa su kwashe cikinsa, su ce wa mai mota yanzu za ta yi numfashi. Abin nan da suke kwashewa akwai filatinom da faladiyom da rodiyom a ciki, ƙarafa masu tsada, shi ya sa suke rawar jiki a kai, su sayar a bayan idonka. Kuma shi ne ke juya gubar hayaƙin ta zama mai sauƙi kafin ta fita. Duniya sai da ta yi shekaru tana fama kafin a daina sayar wa motoci fetur mai dalma gaba ɗaya a 2021, dalmar da ke kashe katalis take kuma cutar da ƙwaƙwalwar yara, sai wani ya zo da guduma ya lalata abin cikin minti kaɗan. Haka suke yi da tamostat, abin nan da ke daidaita zafin inji, mota ta yi zafi sau ɗaya a cire shi a jefar, alhali injin an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, in ya daɗe bai kai ba kwamfuta za ta ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tada shi. A wanke lagireto, a duba fanka, a gyara abin da ya lalace, wannan shi ne aiki.

Ga kuma jabun kaya. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, sai ka juya fulogin a hannu ka ga zarensa da kaushi, rubutun jikinsa na gogewa da farce. Na sha mayar wa dila da kaya, wasu ma na daina hulɗa da su kwata-kwata. Wani kwastoma zai ce can an yi masa ƙasa da haka, sai in ce yallaɓai ga na gaske ga jabu, riƙe ka ji da hannunka, ni dai ba zan ɗaura maka abin da za ka dawo min da shi ba.

Sauran kuma yana ƙafar direba. Masu zuwa sabis kafin doguwar tafiya ko hutu da iyali, ba na barin su tafi sai mun yi wannan hirar. Iskar taya a auna ta da sanyi kafin a yi tafiya, lambar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba, ba wadda aka rubuta a jikin taya ba, kuma wannan kaɗai kan iya rage shan mai har kusan kashi 3 cikin 100. Gudu kuma, in ka ninka shi turjiyar iska sau huɗu take ƙaruwa, shi ya sa mai tafiya a 100 yake isa da sauran mai fiye da mai taka 130. Akwatin kaya na saman mota a babban titi kan iya cinye kashi 10 zuwa 25 na manka, in kayan za su shiga but a sa su a can, in an dawo a sauke shi. A daina barin mota a kunne ana jiran mutum, a hango gaba a saki totur da wuri maimakon taka birki da ƙarfi. In ku huɗu ne hanya ɗaya ku shiga mota ɗaya, kuma ko da yake da mota nake cin abinci, inda akwai jirgin ƙasa ko bas mai kyau ina ce wa mutum ya hau, tafiyar cikin unguwa kuwa ƙafa ko keke, don injin da bai yi zafi ba shi ya fi shan mai da hayaƙi.

A garejinmu tsohon baƙin mai ba ya taɓa ƙasa, a duro muke tara shi a ba masu sake sarrafawa, tsohon batir ma haka. Gas ɗin esi kuma ba ma sakinsa a iska, R134a ɗin nan yana riƙe zafi fiye da kabon sau sama da 1,000, don haka sai mun nemo inda yake yoyo mun toshe kafin mu ƙara wani. In za ka yi tafiya ka kawo motar da kwana biyu a gaba, kar ka zo da asubar ranar, don mu samu lokacin duba fulogi, filta, taya da salansa a natse.